Baƙon da ba a kiran sunansa

Amaryata, saƙonki ya iso tun shekaranjiya. Sau biyu na sa ƙanenki ya karanta mini, don idon nan ya daina ɗaukar ƙananan rubutu, shi ne ma yake rubuta miki wannan ina faɗa masa. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Wai ƙyanda ta fito wa ɗan maƙwabciyarki, surukarki ta hana ki shiga dubiya da goyo, kuma ba ta yarda a kira ciwon da sunansa ba, sai dai a ce baƙo ya sauka a gidan. Shi ne kike tambaya ta ko wannan al'ada ce mai tushe, ko kuwa camfin tsofaffi ne. To ni da kika kawo wa ƙarar tsofaffin, yaro ne? Bayan dariyar kuma sai jikina ya yi sanyi, da na lissafa na ga 'yar nan taki watanta shida ne kacal.

Ke ba ki san agana ba, kuma Allah kada ya sa ki san ta. Ban fi shekara tara ba ta shigo gidanmu, cikin rani, ta kama yayana da nake bi. Da zazzaɓi ya fara, da ciwon baya mai sa babban saurayi kuka. A kwana na uku zazzaɓin ya ɗan sauka har muka yi murna, ashe lokacin ne abin zai fito. Kakarmu ta ce ya buɗe baki, ta leƙa, ta duba goshinsa da tafin hannunsa, ba ta ce uffan ba ta fita ta kira Baba. Kafin magariba an kafa bukka a bayan gari, an ɗauke shi da tabarmarsa.

Ba wanda ya bi shi sai ita. Innarmu ta yi kuka, ta yi roƙo, tsohuwa ta ce ko taku ɗaya kada ta yi. Kakar nan tamu fuskarta duk zanzana ce, ta yi aganar tun tana yarinya. Da Inna ta ce ke fa, ba kya tsoro? Sai ta ce wutar daji ba ta komawa inda ta riga ta cinye. Ni aka ɗora wa kai ruwa. Akwai wata bishiya da aka ce nan ce iyakata, in ajiye tulu a gindinta, in yi kira, in juyo. Rannan ƙuruciya ta ɗebe ni na wuce bishiyar, na leƙa ta jikin zana. Wanda na gani a kwance ban gane shi ba. Ƙuraje sun haɗe fuskar ta zama ɗaya, ido ya kumbura ya rufe, ga wani wari da har yau in na tuna sai na ji shi a hancina. Muryata ya ji ya kira sunana, ni kuwa na kwasa da gudu. Baba bai taɓa marina ba sai ran nan, kuma hannunsa rawa yake yi.

Wajen mako huɗu suka yi a can, sai da ɓawon ƙurajen ya zube kaf. Ya tashi, amma ido ɗaya ya tafi. Ranar da za su dawo aka cinna wa bukkar wuta, da tabarmar, da bargon, da wata hula tasa da na daɗe ina jiran ta yi masa kaɗan in gada. Kin ji rashin hankalin yaro, hular nake yi wa kuka. A layinmu gida biyu ne suka ɓoye marasa lafiyarsu a ɗaki don kunya. Ba zan faɗa miki gawa nawa aka fitar daga cikinsu ba.

Sai da na girma na shiga aikin malamin dabbobi sannan na san sunan abin da tsohuwar nan take faɗa da shi. Bairos ake ce masa. Ƙanƙantarsa ta kai ko madubin da muke duba jini da shi ba ya nuna shi. Kuma abin mamaki, shi kaɗansa ba ya ci, ba ya sha, ba ya haihuwa. Ɗan saƙo ne kawai a naɗe cikin kwanso. Jikin mutum da na dabba an gina su ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace da ƙofarta, shi kuwa bairos yana yawo da makullin da ya dace da wasu ƙofofin. In ya samu ya shiga, sai ya miƙa wa ƙwayar saƙonsa, ita kuma ta ajiye aikinta ta koma ƙera masa 'ya'ya, ɗaruruwa har dubbai, su fito su bar ta a lalace, kowane ya nemi wata ƙofar. Kin ga ashe da tsofaffi suka ce baƙo, ba su yi nisa da gaskiya ba. Baƙon da zai sauka ya mai da maigida bawansa.

Zazzaɓin da kumburin kuma, da yawansu faɗan da garkuwar jiki take yi ne da shi. In jiki ya yi nasara, yakan riƙe kamannin maƙiyin, ko ya sake dawowa a tare shi tun a ƙofa. Zancen wutar dajin kakarmu ke nan. Makullin nan kuma shi ya sa kowane bairos da inda yake nufa. Na haukan kare jijiya yake bi daga wurin cizo, a hankali, har ya kai ƙwaƙwalwa, sannan ya sauko cikin yawu don ya sami na gaba. Na shan inna ta baki yake shiga, ya zauna a hanji, wani lokaci ya haura ya taɓa laka, ƙafa ta shanye. Agana kuwa mutum kaɗai take kamawa, ba ta da dabbar da za ta fake a jikinta, shi ya sa aka iya gamawa da ita. A Somaliya aka ga na ƙarshe da ya ɗauke ta a gari, a 1977, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta ƙare.

A 1983 na ga cutar nan da ake kira bushiya ta shiga shanu. Hawaye, majina, miki a baki, zawo, sai garke ya kwanta. Na ga dattijo mai furfura ya zauna cikin gawarwakin shanunsa ba ya ko korar ungulu. Waɗanda suka tsira da wani abu su ne waɗanda suka raba mashaya da wuri, da waɗanda suka yarda muka yi wa nasu allura. Malaminmu na allo ya sha faɗa mana cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai dabbobi marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya. Ita ma bushiya an kawar da ita, a 2011 aka sanar. Abin da ya sa na kawo miki ita, bairos ɗinta da na ƙyanda dangi ne na kusa. Yadda ta yi wa garke haka ƙyanda take yi wa gida mai yara. A iska take tafiya, tana iya kai awa biyu a ɗaki bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum goma da ba su da kariya, wajen tara za ta kama. In ta tafi ma takan bar garkuwar yaro a raunane, wani ciwon ya biyo baya.

Ku kuwa yanzu, da an ce wane ba lafiya, sai a cika ɗaki, a rufe taga, a yi ta miƙa jariri daga wannan hannu zuwa wancan, wai zumunci. Yaro na mura a ɗura masa kafso, alhali kafso bakteriya yake kashewa, wata irin ƙwayar cuta daban, ba ruwan bairos da shi. Kuna da waya a hannu, gaisuwar da mu sai mun tsaya a gindin bishiya mun ɗaga murya, ku daga kan gado za ku yi ta, amma sai kun je.

Ban ce tsofaffinmu ba su yi kuskure ba. Shekarar da masu lamba suka zo da allurar rigakafin aganar nan mai kama da bindiga, wajen 1967 ko bayanta kaɗan, da idona na ga iyaye suna ɓoye 'ya'yansu. Kakarmu ce ta ja mu gaba, ta ce a fara da nata. Sannan su tsofaffin sai ƙuraje sun fito suke ware yaro, ita kuwa ƙyanda tun kwana huɗu kafin ta fito take yaɗuwa. Don haka ki tuna da kyau, a makon da ya wuce yaron nan ya shigo gidanki wasa? Ya ɗauki 'yar? In ya shigo, gobe da safe ki kai ta asibiti ki gaya musu, kada ki jira zazzaɓi. Ba a yi mata allurar ƙyanda ba tukuna, sai ta cika wata tara, kariyar da ta samo daga jikinki kuma a irin wannan lokacin take raguwa.

Zancen ƙin kiran suna kuwa, na taɓa tambayar kakarmu, ta harare ni ta ce wanda ba ka so ya kwana a gidanka, ba ka koya wa bakinka sunansa. Ban sake tambaya ba. Ki gaida surukar taki, ki ce na ce ta ƙara riƙe ki da kyau. Katin allurar yarinyar kuma ki ɗauki hotonsa ki turo wa ƙanenki, ina so ya karanta mini abin da aka cike da abin da ya rage.