Su da kayak a gaɓar duwatsu lokacin kaka: sanin kogi ya wadatar?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Yawuri na tashi, tun ina yaro nake tuƙa kwale-kwale. Yanzu aiki ya kawo ni kudu maso yammacin Ingila, na sayi kayak, wato ɗan siririn kwale-kwale, ina so in fara kamun kifi da fatsa a gaɓar Konwol cikin watan Oktoba. Abin da na sani na kogi zai ishe ni?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, iya riƙe filafili zai yi maka rana, amma bai wadatar ba. Kogin Neja hanya ɗaya yake bi. Teku kuwa sau biyu yake cika ya janye a kwana guda, kuma ƙarfinsa ya fi yawa a tsayuwar wata da tsakiyarsa. Dutsen da ka gani da safe, kafin azahar ruwa ya shanye shi, ya koma tarko a ƙarƙashinka. Saboda haka kafin ka ɗaura ƙugiya, duba jadawalin cikar teku da hasashen ruwan gaɓa na Met Office, hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya.

Iskar da ta fi yaudara ita ce mai tasowa daga tudu zuwa teku. A bakin gaɓa za ka ga ruwa lumui, amma da ka yi nisa sai ta riƙa tura ka waje, dawowa ta gagara. Ga kuma igiyar ruwan Atilantika, wadda ke ƙaruwa a kaka: ta daki dutse ta dawo, ta yi karo da mai zuwa, kayak ya riƙa tsalle ba tsari. Ka ba dutsen tazara. Kada kuma ka ɗaure anga a gefen jirgi, yanzu ruwa ya kifar da kai. Ni a ganina sabon shiga ma ya bar anga a gida.

Sai sanyi. Ruwan da ya gaza digiri 15 na iya sarƙe numfashin gwanin ninkaya da zarar ya faɗa, kuma ƙarshen Oktoba ruwan yankin ya kai nan. Sa kayan da ruwa ba ya ratsawa, da rigar hana nutsewa. Rediyon VHF, na magana da jirage da masu ceto, a jikinka zai kasance, ba cikin jirgi ba. Tasha ta 16 ce ta neman agaji, a waya kuma 999 ka ce a ba ka masu tsaron gaɓa. Je wuri marar zurfi ka kifar da kayak ɗin da gangan, ka koyi hawa daga cikin ruwa. Kada ka fita kai kaɗai, ka tuna ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya, magariba ta riƙa yi da wuri.

Kifi kam akwai shi. Wani kifi da ake kira folak yana fakewa cikin ciyawar teku a kan duwatsu: saki koton roba ya kusa ƙasa, ka riƙa naɗo zare a hankali. In ka ji ja, kada ka fizga, ci gaba da naɗi, kuma kada ka sakar masa, don cikin ciyawar zai nutsa ya tsinke maka zare. Makarel, wanda ake kira titus a kasuwannin gida, yakan kai farkon Oktoba.

Fatsa a tekun Ingila ba ta buƙatar lasisi, amma kifin bas da bai kai santimita 42 ba dole ka mayar da shi, kuma yawan da aka yarda ka tafi da shi yana sauyawa, sai ka duba dokar bana.