Amsa ga mai shirin tafiya Jos a kan babur: idan ya mutu maka a daji

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanenmu ya ce zai tashi daga Kano zuwa Jos da Boxer ɗinsa, bai taɓa doguwar tafiya a kan babur ba, yana tambaya me zai yi idan mashin ya tsaya masa a inda babu bakanike. Na ga wasu sun ce masa ya hau mota kawai ya huta. To shi ba wannan ya tambaya ba. Na sha bin hanyar nan a kan babur, ta Kwanar Ɗangora, Tudun Wada, dajin Falgore, Saminaka har a hau Jos, don haka bari in faɗi abin da na sani.

Ƙanena, idan babur ya mutu, kada ka fara da sufana. Ka fara da tura shi ka sauka daga kan kwalta gaba ɗaya, nesa da kwana, domin mai tirela ba zai kauce maka ba. Ka kafe shi, ka sha ruwa, ka bar injin ya huce. Sannan ka tuna yadda ya mutu, don a nan rabin amsar take. Idan ya yi ta shaƙewa yana fizga, ka murɗa ya ƙi amsawa, sannan ya mutu a hankali, wannan maganar mai ce. Idan kana cikin gudu ya ɗauke ɗif kamar an kashe makulli, wuta ce. Idan kuma ƙarfinsa ya riƙa raguwa, zafi na dukan ƙafarka, ka ji ƙara kamar ana buga ƙarfe, kik ya yi tauri ya ƙi sauka, to wannan inji ne, shi kuma hukuncinsa daban.

Matsalar mai ita ce mafi yawan abin da ke tsayar da mutane. Ka juya makunnin man zuwa rizab tukuna, wato ɗan man ajiyar da ke ƙasan tanki. Ka buɗe murfin tanki: in ka ji ya ja iska fuu, to ramin numfashin murfin ne ya toshe, man ya kasa sauka, kuma da ka buɗe zai tashi. In ba haka ba, ka zare tiyon da ke shiga kafireta ka ga ko mai na zubowa sosai. Yana zubowa amma babur ya ƙi tashi? Akwai wani ɗan sukuru a gindin kafireta, ka sassauta shi ka tari abin da ya fito a murfin gora. Ka duba da kyau a cikin haske. Ruwa ba ya haɗuwa da fetur, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa ƙwaya-ƙwaya, wani lokacin har da jan tsatsa ko ƙasa. Ka bar shi ya zuba har sai tsabtataccen mai ya fito, ka ɗaure, ka buga kik. Wannan matsalar galibi daga man galan take fitowa. Ba na cewa duk ɗan bumburutu algus yake yi, sun sha fitar da ni kunya a inda gidan mai ya rufe, amma tun da aka cire tallafi a 2023 mai ya yi tsada, masu haɗe-haɗe sun ƙaru. Ka cika tankinka a gidan mai a Kano, ka ƙara a Tudun Wada kafin ka shiga daji ko da ka ga akwai saura.

In mai lafiya lau, sai fulogi. Ka kwance shi, ka mayar da shi cikin hularsa, ka jingina ƙarfen da jikin inji, ka buga kik kana kallon bakinsa. Wuta mai ruwan shuɗi tana tartsatsi, to lafiya. Babu komai, ko ja ce mai rauni, ka sa sabo. Shi ya sa ba a doguwar tafiya babu fulogi na ajiya, kuɗinsa bai kai na kwanon abinci biyu ba. Kuma bakin tsohon zai ba ka labari: in ya yi baƙi ƙirin da toka, iska ba ta isar injin, ka buɗe soson iska ka kakkaɓe, musamman lokacin hunturu da ƙura ke cika shi. In ya jiƙe da baƙin mai, ringi ya fara gajiya, ka lallaɓa. In ya yi fari fat, injin yana cin zafi fiye da kima. Wajen mayarwa ka fara murɗa shi da yatsu har ya zauna kafin ka sa sufana. Kan injin nan ƙarfensa mai laushi ne, in ka ci zaren a daji ka sayi babbar wahala da hannunka. Sabon fulogi ma bai ba da wuta ba? Ka bi wayoyin makulli da na kwail, sau da yawa girgizar hanya ce ta zare guda ɗaya. Mutuwar batir kuwa kada ta tayar maka da hankali, akasarin ƙananan baburan nan kik yana tashinsu.

Faci. Kada ka ce bari in ɗan ƙarasa a haka, bakin tif ɗin zai tsinke, abin da ɗan manne zai gyara ya koma sayen sabo, wataƙila har da taya. Ni tif na ajiya nake ɗauka da ƙarafan ɓanɓare taya biyu da ƙaramin famfo, don sauya tif ya fi faci sauri a gefen hanya. Kafin ka cire ƙafar baya ka ɗauki hotonta da waya ta ɓangarorin biyu, saboda ƙananan zoben da ke jikin sandar da ke riƙe da ƙafar, mutum yana cirewa ya rasa wanne ne na dama. Ka zagaya da yatsa a hankali cikin tayar ka nemo ƙusa ko ƙayar da ta huda, in ba haka ba sabon ma zai tafi kafin ka yi nisa. Ka ɗan hura wa sabon tif ɗin iska kaɗan kafin ka cusa, don kada ƙarfe ya cije shi. Kuma don Allah ka gwada wannan aikin sau ɗaya a ƙofar gida kafin ranar tafiya, ko ka zauna wajen mai faci ka ce ya bar ka ka yi da hannunka.

Sarƙa da wayar kuloci ba sai na ja magana ba. Ka tafi da mahaɗin sarƙa, kuma in za ka sa maƙallinsa, rufaffen kan shi ke fuskantar inda sarƙar ke tafiya. Wayar kuloci sabuwa ka ɗaure ta a jikin tsohuwar tun daga gida, in ta tsinke sai dai ka sauya kawuna.

Yanzu maganar inji. In kik ya ƙi sauka, kada ka hau shi da ƙarfi, kada kuma ka watsa masa ruwan sanyi. Ka bari ya huce sosai, ka duba baƙin mai. Boxer kusan lita ɗaya yake ɗauka, in yana ɗan sha ko yana yoyo, tafiyar kusan kilomita 300 da murɗawa ba hutu za ta ƙarar da shi, balle hawan da ke jiranka bayan Saminaka. In bayan ya huce ka ƙara baƙin mai ya tashi, ka lallaɓa zuwa gari mafi kusa, ba Jos ba. In bai tashi ba, to aikinka ya ƙare, abin da ya rage neman mota. A-kori-kura da motocin kayan gwari ba sa yankewa a hanyar nan, wanda ya sauke kaya zai ɗauke ka da babur ɗin. Ku yi ciniki kafin a ɗora, ka rufe makunnin mai, a ɗaure shi a tsaye. In gari na kusa, wani mai babur zai iya tokare ka da ƙafa har ku isa. Igiya kuwa ba na son ta, in dole ce kada a ƙulla ta a kan babur, ka naɗa ka riƙe yadda za ka iya saki.

Bakaniken hanya akwai na kirki sosai, akwai kuma wanda kafin ka gama bayani ya fara kwance kan inji. Ka faɗa masa abin da ka riga ka duba, ka tsaya a kansa, ku daidaita kuɗi kafin ya taɓa, duk abin da ya canza ya ba ka tsohon. Ka riƙe tsabar kuɗi, domin a wurare da yawa sabis ba zai bar ka ka tura ba.

Abin da ya fi duk wannan shi ne lokaci. Lalacewar da za ta same ka da hantsi wasa ce, ita ɗin ce da magariba ta zama tashin hankali. Ka fita bayan sallar asuba ta yadda za ka ratsa Falgore rana na sama, dajin nan ya yi suna da 'yan fashi da ɓarayin shanu a baya, kuma akwai inda waya ba ta kamawa. In ya mutu maka a ciki kuma la'asar ta wuce, kada ka zauna kana gyara, ka tsayar da mota ko ka tura zuwa shingen jami'an tsaro mafi kusa. In dole babur ya kwana a wani ƙauye, ka kai shi gidan mai unguwa ko ofishin 'yan sanda, a shaida, ka tafi da makulli da takardunka. Takardun nan su kasance a jikinka tun farko, tare da hular kwano, don a cikin Jos an daɗe da hana acaɓa, baƙon babur kuwa sai an tambaye shi. Lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce, ka ajiye ta, ka kuma faɗa wa wani a gida ya kira ka in azahar ta yi bai ji daga gare ka ba.

Ka faɗa mana ko babur ɗin yana shan baƙin mai, da kuma yaushe rabonka da canza sarƙa, sai mu san ko zai iya tafiyar a yadda yake. Allah ya kai ka lafiya.