Amsa ga mai Prius ɗin da fitilarta ke ɗaukewa a hanya

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce Prius ɗinka ƙirar 2008 ce, fitilar hagu tana ɗaukewa kana cikin tafiya, in ka kashe ka sake kunnawa sai ta dawo, kuma mai wayarin ya ce sai an sauya kan fitilar gaba ɗaya. Don Allah riƙe kuɗinka tukuna. Irin motarka na hau shekara shida a nan Birnin Kebbi, kuma wannan matsalar ta ci mini kuɗin da bai kamata ta ci ba.

Ni tawa ta fara da ta dama, na yi ta lallaɓawa da kashe-kunna kamar yadda kake yi. Ran nan na taso daga Jega bayan isha'i da iyali a baya, muna daf da Kalgo sai duka biyun suka ɗauke lokaci ɗaya. Duhu ƙirin. Na taɓa ful, ba komai, domin a wannan motar ƙwai ɗaya ne ke yin dim da ful. Kafin hannuna ya murɗa makunnin hasken ya dawo, ashe amalanken shanu ce gabana ɗauke da kara, ba ko ƙyalle mai sheƙi a bayanta. Allah ne ya tsare. Shi ya sa ba na ɗaukar zancen nan da wasa.

Abin da ke faruwa shi ne fitilarka ba ƙwai mai zare ba ne irin na sauran motoci. HID ce, iskar gas ce a ciki, akwai wani ɗan akwati a ƙarƙashin kan fitilar da ake kira balas, shi ke harba wuta ta sama da bolt 20,000 don ya tada ƙwan, sannan ya riƙe shi. Idan ƙwan ya tsufa ba ya mutuwa farat ɗaya. Sai ya riƙa gagarar balas ɗin, balas ya yanke wuta, kai kuma da ka sake kunnawa sai a sake harbawa ya kama. Duba launin hasken a jikin bango da dare: in na hagu ya koma ja-ja ko shunayya alhali na dama fari ne, ƙwan ne ya gaji. Ba kai kaɗai ba ne kuma. A Amurka masu Prius ta 2006 zuwa 2009 har kotu suka kai maganar saboda ɗaruruwan dalolin da ake cajinsu, a 2011 aka sasanta, kamfanin Toyota ya ƙara wa'adin garantin fitilun. Mu da muke sayen na hannu daga Kwatano wannan wa'adin ya wuce tun motar ba ta hau jirgin ruwa ba.

Gwajin da zai raba gardama ba ya cin ko sisi sai ladan hannu. A ciro ƙwan hagu a sa a dama, na dama a mayar hagu, ka hau motar kwana uku. Idan matsalar ta bi ƙwan ta koma dama, ƙwai za ka saya, shi ke nan. Idan ta tsaya a hagu, to a lokacin ne za a yi zancen balas ko soket. Ni ban san haka ba da farko. Wani mai wayarin ya sa na sayi balas na hannu, aka kwance bamba aka ɗaura, kuɗin ya kusa ninka na ƙwai huɗu, bayan mako guda fitila ta koma gidan jiya. Tsohon balas ɗina lafiyarsa ƙalau.

In ka tashi saye, karanta lambar da ke gindin ƙwan da idonka. Taka D4R ce. Ta 2004 da 2005 D2R ce, kuma ƙarfin wutar da suke ci ba ɗaya ba ne, kada wani a kasuwa ya ce maka duk kanwar ja ce ya fere bakin ya cusa. Ka sauya biyun tare, tunda tare suka tsufa. Mai arha ɗin nan mara suna na gwada shi, wata biyar ya yi. Philips na asali da na sa daga baya har na sayar da motar yana ciki. Kada a taɓa gilashin da hannu tsirara, maiƙon yatsa na ƙona shi, kuma a kashe motar gaba ɗaya kafin a sa hannu.

Sai ruwa. Murfin roba na bayan fitilar in ba a rufe shi da kyau ba, damina ɗaya ko matsin ruwan masu wankin mota ya isa raɓa ta taru a ciki, ta gangara kan balas ta kashe shi. Ka ga gumi a cikin gilashin da safe, a buɗe a shanya tun da wuri. Ka sa a auna ƙaramin batirin bolt 12 da ke cikin but ma. Hayibirid irin Prius, mai haɗa injin fetur da batir, ba ta da altaneta, daga babban batir ake saukar masa da caji, in mota tana READY, wato a kunne, ya kamata ya nuna wajen bolt 14. Wayoyi masu ruwan lemo kuwa kada mai gyaran fitila ya kusance su, wutar da ke cikinsu tana kisa.

Masu 2010 da 2011 da na ga suna cewa su ma haka, taku daban ce. Yawanci ƙwanku H11 ne mai zare, wuta ce ke yi masa yawa yana ƙonewa da wuri, maganin da kamfanin ya fitar shi ne ƙarin waya da ke rage ta kaɗan. Kai dai mai 2008, yi musayar nan gobe da safe, kuma kafin ka gano bakin zaren kada ka hau hanyar Argungu ko ta Jega bayan magariba.