Amsar Tambayar Kawu Daga Ulanbato

Kawu, ina gaisuwa tare da fatan kowa lafiya. Ka tambaye ni ko mutanen ƙasar Mongoliya da na zauna cikinsu, waɗanda suka yi shekara kusan 70 ƙarƙashin kwaminisanci, sun karɓi dimokuraɗiyya har zuci ne, ko Turawa ne suka ƙaƙaba musu.

Ba wanda ya ƙaƙaba musu. A watan Maris na 1990 matasa suka fito dandalin Sukhbaatar da ke tsakiyar Ulanbato, babban birnin ƙasar, cikin matsanancin sanyi suka ƙaurace wa abinci don neman dimokuraɗiyya. Shugaban lokacin, Jambyn Batmonkh, ya ƙi yarda a taɓa su da ƙarfi, manyan jam'iyyar kwaminisanci suka sauka, ba a zubar da jinin kowa ba. A shekarar aka yi zaɓen jam'iyyu da yawa, sabon tsarin mulki ya biyo baya a 1992. Har gobe suna tinƙaho da wannan.

Amma shiga tasi ka ji yadda ake wanke 'yan siyasa tas. Manyan jam'iyyun biyu, MAN da AN, jama'a sun haɗe sunayensu suna cewa "manan", wanda a harshensu yake nufin hazo. Wato duk kanwar ja ce, an rufe wa talaka ido ana rabon arzikin ma'adinai. A Disambar 2022, da maganar satar kwal ɗin da ake kai wa Sin ta fasu, mutane suka cika dandalin nan kwana da kwanaki, a sanyin da ruwa ke daskarewa nan take.

Surukina makiyayi ne. Dabbobinsa sun ƙare a wani mugun hunturu, irin wanda suke kira dzud, ya tattaro ya kafa tantinsa a gefen birni, inda hayaƙi ke shaƙe yara. Yakan ce a zamanin da, kowa na da aiki, likita kuma yana zuwa har ruga. Duk da haka ranar zaɓe shi ne farkon tashi, ya sa babbar rigarsa ta salla, abin da ya daɗe yana ɗaure min kai.

Ran nan na ce, "Baba, tunda ka ce duk ɓarayi ne, me ya kai ka layi?" Ya nuna arewa, inda Rasha take, ya nuna kudu, inda Sin take, ya ce mutanen can ba sa iya korar nasu, shi kuwa yana iyawa. Ƙasar ba ta da wata maƙwabciya bayan waɗannan biyun, Kawu, mutanenta kuma ba su kai miliyan 4 ba.

A gaida Gwaggo da yara.