Ina iya ninƙaya sosai, zan iya yin nutso in shiga jirgin da ya nitse a Bahar Maliya?

Tambaya: Salam malam. Ni ɗan Ƙofar Ƙaura ne nan Katsina, tun muna yara muke iyo a dam ɗin Ajiwa kuma ba yabon kai ba ina daɗewa ƙarƙashin ruwa. Yayana yana karatu a Masar, zan je hutu wurinshi na sati biyu, kuma na ga bidiyon wani jirgin yaƙi da ya nitse da babura a cikinshi mutane na shiga da tukunyar iska a baya. Don Allah zan iya, ko sai na yi wani kos?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Jirgin da ka gani Thistlegorm ne, na Ingila, Jamusawa suka jefa mashi bam a 1941 lokacin yaƙin duniya na biyu, yana kwance a zurfin wajen mita 30 ba nisa da Sharm el-Sheikh, har yau babura da motocin soja na nan jere murjani ya lulluɓe su. Toh zaka iya ganinshi in sha Allahu, amma shiga cikinshi a wannan hutun kam a'a.

Iyon Ajiwa zai taimake ka a gwajin farko, don za a ce ka yi iyo na mita 200 sannan ka tsaya saman ruwa minti 10. Daga nan amfaninshi ya ƙare, kai wannan riƙe numfashin da kake taƙama da shi ma shi ne abu na farko da za a hana ka. Duk mita 10 da ka sauka nauyin ruwa na ƙaruwa daidai da nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa, kenan a mita 30 ninki huɗu ne, in ka shaƙi iskar tukunya a can ka riƙe ta kana hawowa zata kumbura a huhunka har ta iya fasa shi. Kuma tukunyar da zata kai ka awa ɗaya a sama, can ƙasa rubu'in lokacin zata yi.

Sai maganar naitirojin, wadda ita ce mafi yawan iskar da muke shaƙa. A zurfi tana narkewa ta shiga jini da tsoka, in ka taso a hankali ta fita ta numfashi, in ka taso da gudu kuwa sai ta yi kumfa a jiki kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe, daga nan sai ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki. Shi ya sa a mita 30 jadawalin PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, minti 20 kacal ya ba ka, kuma kafin ka fito sai ka tsaya minti 3 a mita 5. Naitirojin ɗin dai tana sa maye daga wajen mita 30, zaka ga mutum mai hankali ya ƙura wa agogon iskarshi ido ya kasa gane lambar da ke jiki, wani ma dariya zai kama yi.

Horon hawa hawa ne. Na farko da ake ce ma Open Water kwana uku zuwa huɗu ne, iyakarka mita 18. Na biyu Advanced ya kai ka mita 30, akwai na zurfi da ya tsaya a mita 40, sannan kos na jiragen da suka nitse daban yake. Sati biyu zai ishe ka na farko da na biyu in ka maida hankali, amma takarda daban sabo daban, ga Thistlegorm da ruwa mai ja, masu kai mutane da dama sai sun duba littafin nutsonka kafin su yarda.

Cikin jirgi kuma wata duniya ce, don a fili in abu ya lalace sama zaka yi, a ciki kuwa ƙarfe ne bisa kanka. Ƙafa ɗaya ka buga ba daidai ba laka da tsatsa su tashi, tocila na hannunka amma ko yatsanka ba zaka gani ba, ƙofar da ka shigo ta ɓace, ga wayoyi na reto suna kama tukunya. Masu shiga suna tafiya da zare da suke warwarewa tun daga bakin ƙofa, da tocila biyu da wuƙa, kuma iska kashi uku ake rabata, ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya ajiya ba a taɓawa. A 2007 mutum uku sun mutu cikin Spiegel Grove, jirgin sojan ruwan Amurka da aka nitsar da gangan a Florida a 2002 don kifaye su samu gida, kuma ba sabbin shiga ba ne, hanyar fita ce ta ɓace masu. Za kuma a yi maka tallan Salem Express kusa da Safaga, wanda ya nitse a 1991 ya taso daga Jidda da ɗaruruwan mutane suka rasu ciki, ni dai maƙabarta na ɗauke shi, bana zuwa.

Kafin ka bar Katsina ka ga likita. In akwai sikila, asma, farfaɗiya ko ciwon zuciya ka faɗi gaskiya a fom ɗin, kar ka ɓoye don kar kuɗi su tafi a banza. Da mura ba a nutso saboda kunne, kuma ka sha ruwa sosai, ban so ka haɗa nutso da azumi. Ranar dawowa ma ka lissafa da yayanka, in ka yi nutso fiye da ɗaya sai ka bar aƙalla awa 18 kafin ka hau jirgin sama, ni awa 24 nake ce ma ɗalibaina.