Amsa: Turmin haƙorin da raminsa ya fi ƙarfin ciko

Malam, ka tambaya ko dole ne a sa wa turmin haƙorinka hula, wato murfin da ke rufe haƙorin gaba ɗaya, tunda ramin ya fi ƙarfin ciko. Ba dole ba ne, domin akwai inle da onle, wato cikon da ake ƙerawa a waje sannan a manna a haƙori. Inle yana zama cikin ramin, tsakanin tsinayen haƙori, onle kuwa yana rufe tsinin da ya raunana. Likita zai kankare ruɓar, ya ɗauki awo, a ƙera inle ko onle ɗin da tangaran ko zinare, sannan a manna idan ka koma. A ganina wannan ya fi hula, tunda ba a sassaƙe haƙorin da yawa. Ka nemi likitan haƙori a nan Kaduna ya fara ɗaukar hoton haƙorin (X-ray), kuma don Allah ka dakata da tauna aya ta wannan gefen.