Canza bushin ƙafar baya a gida

Ka ce tsohuwar motarka na ƙwanƙwasa ta baya in ta faɗa rami, kana tambaya ko za ka iya canza bushin, wato robar da ke mahaɗar ƙarafunan ƙafar mota, da kanka. Za ka iya, amma kada ka shiga ƙarƙashinta jak kaɗai na riƙe da ita, sa mata madogarar ƙarfe.

Tsatsa ce wahalar aikin. Fesa wa notunan man sassauta tsatsa tun ana gobe za ka yi aikin. Bushin da ya kafe kuwa, guduma ba ta fitar da shi, kai ƙarfen da bushin ke ciki wurin mai injin matsawa.

Inda na taɓa yin kuskure: na ɗaure notuna tamau motar na sama, robar ta murɗe, ta tsage da wuri. Sai tayoyi sun sauka ƙasa ake ɗaurin ƙarshe. Canza na hagu da na dama tare, sannan bakanike ya duba saitin ƙafa.